FAIFAN GARMAHO: TARIHINSA DA LABARIN WAƘOƘIN DA KE CIKINSA

 

Yau hirarmu a kan faifai take. Ba faifan kaba da mata ke rufe ƙwarya da shi ba. Faifan garmaho muke nufi, baƙin nan mai huda a tsakiya, wanda ake ɗora wa allura ya yi waƙa.

Watakila akwai irinsa a gidanku. Duba ƙarƙashin gadon tsoho, ko cikin tsohon akwati. Wani faifan yara sun ɗauke suna jifa da shi. Wani ya lanƙwashe a rana. Wani kuma an mai da shi murfin tulu. Amma akwai mutane a duniya da ke biɗar waɗannan faya-fayai ido rufe. Suna tara su, suna gyara su, suna rubuta tarihinsu. Me suka gani a ciki? Sun gane cewa kowane faifai shaida ne. Yana faɗin wanda ya yi waƙa, da inda aka yi ta, da abin da ya sa aka yi ta. Wani lokaci har yana faɗin wanda ya ci riba da wanda aka cuta.

To, ɗan'uwa, ƴar'uwa, gyara zama. Za mu bi tarihin daga tushe.

YADDA AKA SOMA KAMA MURYA

Tun fil azal, in mawaƙi ya rufe baki, waƙa ta tafi ke nan. In ya mutu, muryarsa ta bi shi kabari. Sai a shekara ta 1877 wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya ta kuma maido ta. Tasa na'urar ba da faifai take aiki ba. Wani abu ne mai kama da gwangwani ke juyawa, allura na tsaga a jikinsa.

Bayan shekara 10, a 1887, wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe. Ya sa wa na'urarsa suna garamofon. Daga nan Hausawa suka samu kalmar garmaho. Dabarar Berliner ita ta ci, don da tambari guda ana iya buga faifai dubbai, kamar yadda ake buga tubali da akwatin gini guda.

Yaya murya ke zama cikin faifai? Ɗaga shi ka duba a haske. Za ka ga layuka sirara. Gaskiya ba layuka ba ne masu yawa. Layi guda ne tak a kowace fuska, ya taso daga baki yana zagayawa har tsakiya, kamar ɗinkin faifan kaba. Cikin layin nan akwai ƴan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba ya gani sosai. In faifai na juyawa, allura na bin layin tana karkarwa. Karkarwar nan ita ake ƙara wa ƙarfi ta fito a matsayin murya da kiɗa.

Faya-fayan farko da wani irin ƙaro ake yin su, sunansa shalak. Wani ƙwaro ne ke fid da shi a jikin itatuwa, can ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Irin wannan faifai yana juyi 78 cikin minti guda. Yana da nauyi, yana da ƙara, kuma in ya faɗi sai ya fashe kamar kasko. Fuska guda ba ta ɗaukar fiye da minti 3 zuwa 5. Ka ji dalilin da ya sa waƙoƙin zamani suka zama gajeru. Mawaƙi dole ya tsuke bakinsa daidai faɗin faifai.

ƘARAMIN FAIFAI MAI JUYI 45

Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanoni suka koma ga wata irin roba mai suna binil. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa da sauri, kuma muryar da ke cikinta ta fi fita tas.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi. Faɗinsa santimita 30 ne, fuska guda na ɗaukar kimanin minti 20. Kamfanin RCA Victor bai yarda a bar shi baya ba. A watan Maris na 1949 ya fito da nasa: ƙaramin faifai mai faɗin santimita 17 da rabi, mai juyi 45 cikin minti guda. Waƙa guda a fuskar farko, waƙa guda a fuskar baya.

Ga ɗan lissafi. In waƙa ta yi minti 3, sau nawa faifan zai juya? Ka ɗauki 45 sau 3. Juyi 135 ke nan.

Wannan ƙaramin faifai shi ya zama faifan samari da ƴan mata. Ba shi da tsada kamar babban. Yana shiga jaka. Kamfani na sa waƙar da yake fatan ta karɓu a fuskar farko, wadda ake rubuta wa harafin A. Fuskar baya, mai harafin B, sau da yawa ciko ce kawai. Riƙe wannan magana, za mu komo kanta. A irin wannan faifai ne duniya ta san Elvis Presley da James Brown na Amurka, da ƴan Beatles na Ingila.

FAIFAI YA ISO AFIRKA

Turawan kamfani sun lura da wuri cewa akwai kasuwa a Afirka. Tsakanin 1927 da 1930, kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan. An yi waƙa da Yarbanci da Fanti da Wolof da wasu harsuna, har da Hausa. Aka ɗora faya-fayan a jirgin ruwa zuwa kantunan bakin teku.

Daga 1933 kuma wani kamfanin Ingila, mai tambarin kare zaune gaban ƙahon garmaho, ya shiga aiko da kiɗan ƙasar Kuba. Lambar faya-fayan tana somawa da haruffa biyu, G da V. Na farko a jerin yana ɗauke da waƙar “El Manisero”, wato mai tallan gujiya. Da mutanen Kongo da Senegal da Gine suka ji kiɗan nan, sai suka ji kamar na gida. Ba mamaki. Kakannin makaɗan Kuba da yawa bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Kiɗan ya ƙetare teku cikin jirgin bayi, ya komo cikin faifai.

Yanzu bari mu ɗauki faifai huɗu, mu ji labarin kowane.

NA ƊAYA: ZAKIN DA AKA SAYA SULE GOMA

Solomon Linda Bazulu ne na Afirka ta Kudu. An haife shi a 1909. Yana yaro ya yi kiwon shanu a karkara. Da ya girma sai ya tafi ci-rani birnin Johannesburg. Can ya haɗa ƙungiyar mawaƙa masu suna Evening Birds. Ba su da ganga, ba su da gita, murya kawai.

A 1939 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo, suka yi waƙar “Mbube”. Da harshen Zulu ma'anarta zaki. Aka biya Linda sule 10, waƙa ta zama ta kamfani. Cikin shekara 10 aka sayar da faifai wajen 100,000. Shi kuwa Linda ya zama lebura a kamfanin, yana shirya faya-fayai cikin kwali.

Faifan ya kai Amurka. Wani mawaƙi, Pete Seeger, ya ji shi. Kunnensa bai kama kalmar Zulu daidai ba, sai shi da ƙungiyarsa suka sake waƙar da sunan “Wimoweh”. A 1961 wasu samari masu suna Tokens suka sake ta da kalmomin Ingilishi, a faifai mai juyi 45, da sunan “The Lion Sleeps Tonight”. Ta zama ta ɗaya a duk Amurka. Kuɗi suka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta. Amma sunan Linda ba ya cikin takardar faifan.

A 1962 Linda ya rasu cikin talauci. Sai bayan shekara 18 iyalinsa suka iya sa dutse a kabarinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin bai ƙare nan ba. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar cikin wani fim da duniya ta kalla. A shekara ta 2000 wani ɗan jarida na Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin kuɗin, ya rubuta labarin duka. Aka kai magana gaban shari'a. A watan Fabrairu na 2006 aka yi sulhu: ɗiyan Linda za su samu rabonsu, kuma za a riƙa rubuta sunan ubansu cikin masu waƙar. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma ka lura, shekara 67 aka yi kafin haƙƙi ya komo gida. Kuma babbar shaidar ita ce tsohon faifan nan na 1939, mai muryar Linda a ciki.

NA BIYU: WAƘAR ƳANCIN KAI

A ran 20 ga Janairu 1960 aka buɗe babban taro a Burusel, babban birnin Beljik. Shugabannin Kongo sun zauna da Turawan da ke mulkinsu, don a tsai da ranar ƴanci. Aka gayyato makaɗa daga gida su ɗebe wa wakilai kewa. Shugabansu Joseph Kabasele ne, wanda ake kira Grand Kallé, mai ƙungiyar African Jazz. Cikin tawagar akwai wani saurayi gwanin gita, Nico Kasanda.

Taro ya tsai da ran 30 ga Yuni 1960. Kabasele ya shirya waƙar murna mai suna “Indépendance Cha Cha”. Da harshen Lingala ya yi ta, a kan kiɗan ca-ca-ca na Kuba. A ciki ya jera sunayen jam'iyyu da na shugabanni, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna: Lumumba, Kasa-Vubu, Combe. Nufinsa ya nuna sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Mutane da yawa a Kongo ba su iya karanta jarida ba a lokacin. Daga radiyo da faifai suka ji labari. Waƙar ta ƙetare iyaka, don a shekarar nan ƙasashen Afirka 17 suka samu ƴanci. Nijar na cikinsu, ran 3 ga Agusta 1960.

Amma haɗin kan da Kabasele ya waƙe bai daɗe ba. Kwanaki kaɗan bayan ƴanci rikici ya tashi. Combe ya ware da lardin Katanga. A ran 17 ga Janairu 1961 aka kashe Lumumba. Wanda ya sa faifan nan yau zai ji murnar mutanen da ba su san abin da ke tafe ba. Littafi na iya gaya maka ranar ƴanci. Faifai kuwa yana sa ka ji yadda zukata suke a ranar.

NA UKU: MATAR DA AKA HANA KOMAWA GIDA

Miriam Makeba ƴar Afirka ta Kudu ce, an haife ta a 1932. A zamaninta farar fata ke mulki da dokar wariyar launi. A 1959 ta fita waje don waƙa. A 1960 uwarta ta rasu. Ta so ta koma jana'iza, sai ta tarar an soke fasfonta. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi irin zaluncin da ake yi wa baƙar fata. Gwamnatin ƙasarta ta hana sayar da faya-fayanta.

A 1967, tana Amurka, ta sake ɗaukar wata tsohuwar waƙarta ta gida, “Pata Pata”. Da harshen Kosa ma'anar sunan taɓa-taɓa. Sunan wata rawa ce ta unguwannin baƙar fata a Johannesburg. Faifan ya kai na 12 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Dubi abin mamaki. Duniya na rawa da muryarta, ita kuwa ba ta da ikon taka ƙasar haihuwarta.

A 1968 ta auri Stokely Carmichael, wani jagoran gwagwarmayar baƙar fata na Amurka. Nan da nan masu shirya wasa suka janye jiki. Sai ta koma Gine, inda shugaba Seku Ture ya karɓe ta. Ta yi shekaru a can, tana ɗaukar waƙoƙi a kamfanin faifai na gwamnatin Gine. Sai a 1990, bayan an saki Nelson Mandela, ta taka ƙasarta. Shekara 31 ke nan rabonta da gida. Ta rasu a watan Nuwamba na 2008 a ƙasar Italiya, jim kaɗan bayan ta rera wannan waƙa a dandali.

NA HUƊU: FUSKAR BAYA TA CI TA GABA

Ka tuna mun ce fuskar B ciko ce? To, saurari wannan.

Manu Dibango mutumin Duwala ne ta ƙasar Kamaru. Yana busa saksofon, wata irin algaitar ƙarfe ta Turawa. A Burusel ya haɗu da Kabasele a 1960, har ya shiga ƙungiyarsa ya bi shi Kongo.

A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka, karo na 8. Dibango ya shirya waƙar gasar, hukumar wasanni ta biya kuɗin faifai. Waƙar gasa ta hau fuskar A. Saura fuskar B. Sai ya ɗauki kiɗan makosa na garinsu, ya gauraya shi da kiɗan baƙar fatar Amurka, ya sa masa suna “Soul Makossa”.

A wasan kusa da na ƙarshe Kongo Barazabil ta doke Kamaru da ci 1 da nema. Ita ce ma ta ɗauki kofin, bayan ta ci Mali 3 da 2. Wa zai so jin waƙar gasar da aka ci shi a gida? Faifai ya yi kwantai.

Amma wasu kofe sun kai birnin Niyok. Wani mai haɗa rawa, David Mancuso, ya tsinci ɗaya a wani ɗan kanti a unguwar Brooklyn. Ya juya faifan ya sa fuskar baya, jama'a suka tashi da rawa. Wani ma'aikacin radiyo, Frankie Crocker, ya shiga sa ta kullum. Mutane suka bazama kantuna biɗar faifan, babu. Kafin a kawo na asali, ƙungiyoyi fiye da 20 sun kwaikwayi waƙar sun buga nasu. Daga baya kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga na Dibango. A 1973 ya kai na 35 a jerin Amurka. Ɗan hakin da ka raina, shi kan tsone maka ido.

A 1982 Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙar ya sa cikin tasa, ba tare da izini ba. Dibango ya kai ƙara. Aka yi sulhu, aka biya shi. Me ya raba shi da Solomon Linda? Sunan Dibango yana rubuce a takardar faifansa tun 1972, kuma ya san haƙƙinsa. Ya rasu a Faransa ran 24 ga Maris 2020, yana da shekara 86.

MU NAN NIJAR FA?

A wancan zamani masana'antun buga faifai suna can kudu ne, a birane irin su Legas da Kwatano da Abijan. Faya-fayan da suka shigo Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƴan kasuwa ne da ƴan ci-rani da ƴan makaranta suka kawo su. Akwai na Kongo, akwai na Kuba, akwai na Faransa da Amurka. Akwai kuma na Hausa da aka buga a Najeriya, irin na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos.

Namu mawaƙa kuwa, yawancinsu gidan radiyo ne ya ɗauki muryarsu a zare. An buɗe Radiyo Nijar a 1958. Cikin shekarun 1960 wani masanin kiɗa, Tolia Nikiprowetzky, ya zagaya ƙasar nan ya ɗauki kiɗan maroƙa da na makiyaya. Kamfanin Ocora na Faransa ya buga su a manyan faya-fayai.

Sannan kaset ya zo. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Kaset ya fi araha, yana aiki da batir, ana tafiya da shi gona da kasuwa, kuma kowa na iya kwafar nasa. Zuwa shekarun 1980 ya kori faifai daga kasuwanninmu. Bayansa faifan CD ya zo a 1982, bayansa kuma wayar hannu.

Amma da tsohuwar zuma ake magani. A 1978 Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan radiyo na Yamai. An yi shekaru ana jin kiɗan nan tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin. Kaset kaɗan aka buga. Bayan shekara 30 da ɗoriya wani Ba'amurke mai biɗar tsofaffin waƙoƙi ya tsinci kofe guda cikin ajiya a Yamai. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya buga shi a faifan binil, Mamman Sani ya fita Turai ya yi wasa. Da an jefar da kaset ɗin nan, da sai labari.

MASU TARA FAIFAI

Faifan binil bai mutu ba. A 2022, a Amurka, an sayar da faifan binil fiye da faifan CD. Rabon da a ga haka tun 1987.

Masu tara faifai iri-iri ne. Wani don kuɗi yake yi. Abin da ke sa faifai tsada uku ne: ƙarancinsa, lafiyarsa, da yawan masu son sa. A 1965 wani kamfanin Amurka ya buga waƙar wani mai suna Frank Wilson, sannan ya fasa fid da ita, ya lalata faya-fayan. Ƴan ƙalilan suka tsira. A 2009 aka sayar da ɗaya fam 25,000 da ɗoriya na kuɗin Ingila. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Yawancin tsofaffin faya-fayai ba su da tsada, musamman waɗanda aka buga da yawa ko suka karce.

Wani kuma don tarihi yake tarawa. Ga misalin Gine. Kamfanin gwamnati mai suna Syliphone, mai tambarin giwa, ya buga kiɗan manyan ƙungiyoyin ƙasar, irin su Bembeya Jazz. Bayan rasuwar Seku Ture a 1984 kamfanin ya tsaya. A 1985 aka yi yunƙurin juyin mulki, harbi ya taɓa gidan radiyo na Konakiri, wani sashe na ajiya ya lalace. Ƙasar da ta yi waƙoƙin ta wayi gari ba ta da cikakken jerinsu. Sai wani malami ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, ya bi masu tara faifai ƙasa-ƙasa har ya haɗa jerin. A 2008 ya miƙa kofensu ga ɗakin karatu na ƙasar Gine. Daga nan zuwa 2013 ya kwafe zarurrukan gidan radiyo, waƙoƙi fiye da 9,000. Ka gani, abin da wasu suka adana cikin ɗakunansu shi ya maido wa ƙasa guda tarihinta.

ABIN DA ZA KA YI DA FAIFAN GIDANKU

Da farko, karanta takardar da ke tsakiyarsa. A sama akwai sunan kamfani. A gefe akwai lambar faifan, da lambar juyi: 33, ko 45, ko 78. A tsakiya akwai sunan waƙa da sunan mai rera ta. Ƙarƙashin sunan waƙa za ka ga wani suna da ƙananan haruffa. Wannan shi ne wanda ya ƙaga waƙar, shi ke da haƙƙi. In ka ga harafin P cikin da'ira, shekarar da ke kusa da shi ita ce shekarar da aka fid da faifan.

Na biyu, samu kaye ka rubuta duk wannan. Sannan ka tambayi mai faifan tun yana raye. A ina ya saye shi? Nawa? A bikin wa aka yi rawa da shi? Rubuta amsar. Wannan labari babu shi a kowane littafi.

Na uku, adana shi da kyau. Rana ita ce babbar abokiyar gabar binil. Kada ka bar shi a rana ko dab da rufin kwano. Jera faya-fayai a tsaye, kada ka tula su bisa juna. Bar kowane cikin rigarsa ta takarda, don rigar ma tarihi ce. Ɗaga su daga ƙasa saboda gara da laima. Rufe su saboda ƙurar hunturu. In za ka ɗauka, riƙe ta baki. In ya yi datti, goge shi da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, kana bin zagayen layi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kada ka sa masa kananzir ko man mota. Kuma kada ka ɗora allurar ƙarfe ta tsohon garmaho mai wani a kan faifan binil. Sau ɗaya ya isa ta kashe shi.

Na huɗu, in baƙo ya zo saye, kada ka yi gaggawa. Kada ka sayar da kwali guda a dunƙule. Duba su ɗaya-ɗaya, ka yi shawara da wanda ya sani. In faifan na mawaƙin ƙasarmu ne, ko na Hausa, ka tabbata an kwafi waƙar an bar maka, kuma an ɗauki hoton takardarsa, kafin ya bar gida.

Na biyar, in kai mawaƙi ne, ko ɗanka, ko ƴarka, ka tuna da Solomon Linda. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, ko ba ka karanta da kanka ba. Ka tabbata an rubuta sunanka. A Yamai akwai ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, wanda ake kira BNDA. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jama'a, nan za mu dakata. Ga tambayoyi uku da za ku tattauna in kun taru. Me ya sa Manu Dibango ya samu haƙƙinsa yana raye, Solomon Linda bai samu ba? Su wane ne tsofaffin mawaƙan garinku, kuma a wurin wa muryarsu take ajiye? In akwai faifai ko kaset a gidanku, wa zai ɗauki nauyin rubuta abin da ke jikinsa a cikin wannan mako?